Akwatin Da Ba Shi Da Ɗan'uwa

Ƙarfe huɗu na yamma Malam Hammajoda yake tashi daga aiki. Shekara shida ke nan da ya yi ritaya, amma har yau jikinsa bai samu labari ba. Da an idar da la'asar sai ya shigo gidansa da ke unguwar Ɗan Iya, ya bi ɗaki ɗaki yana kashe duk abin da ya tarar a kunne: fanka, rediyo, cajar waya. Abin da ke da ƙyalle ya rufe shi da ƙyallensa. Shekara talatin da biyu ya yi yana kula da sito a ma'aikata, kuma a sito ba a tafiya a bar abu yana ƙugi.

A ɗakin da ke kusa da zaure kuwa, ɗakin ɗansa Mansir, akwai abubuwa uku masu ƙugi.

Tsofaffin kwamfutocin ofis ne, masu akwatin ƙarfe. Mansir ya tsinto su a gwanjo ɗaya bayan ɗaya cikin shekara biyu da gama sakandare, da ɗan abin da yake samu a shagon gyaran waya a kasuwar Wunti. Ba allo a kansu, ba madannai. Suna jere a kan benci sun juya wa ƙofa baya, wayoyi shuɗɗa suna fita daga ƙeyarsu.

In ka tambaye shi, in kuma ya ga damar amsawa, zai ce maka kwamfutocin ba uku ba ne, sha ɗaya ne. Kowane akwati yana ɗauke da wasu kwamfutoci a cikinsa waɗanda ba su da jiki. Kowace da sunanta da aikinta, tana tashi tana kwanciya, ba ta ma san zaman haya take yi ba. Wata tana ajiyar fayil, wata tana gadin ƙofar netwok, wata kuwa an yi ta ne don a lalata ta a ga abin da zai faru. Tunda ba su da jiki, ana iya ɗaga su daga wannan akwati a kai wancan, ko a naɗe su gaba ɗaya a zuba a faifai guda da bai kai tafin hannu ba. Yana da irin wannan faifan. A cikin safa yake, safar a cikin gwangwanin madara, gwangwanin a ƙarƙashin gado. Duk Asabar yake kwafe su a kai.

Ba wanda ya koya masa sai bidiyo a waya da taurin kai.

Malam Hammajoda tarkace yake ce musu. Mansir ɗan fari ne, don haka uban ba ya kama sunansa, sai dai "wannan yaron", ko ya yi maganar da iska yaron yana zaune a wurin.

Ranar farko da hannun tsohon ya kai ga soket ɗin ɗakin, aikin mako uku ya tafi. Mansir ya dawo daga Wunti ya tarar da shiru, an rufe akwatunan da tsohon zani. Da ya kunna, kwamfutoci huɗu daga cikin marasa jikin suka ƙi tashi. Ya je ya durƙusa ya yi bayani sau ɗaya, cewa irin wannan saba ake ce mata, kuma ba a kashe ta haka kai tsaye. Uban ya ce shi ya ga janareta mai girman ɗaki, kuma ita ma tana hutawa.

Inna A'i, mahaifiyar Mansir, ta ce ya sa kwaɗo mana. Ya dube ta kawai. Ita ma ta san ba a kulle wa mutum ɗaki a cikin gidansa.

Bai sake roƙo ba. Ya ƙudura a ransa zai gina abin da Baba ba zai iya kashewa ba.

Ya fara da wuta. Ya haɗa wa kowane akwati batirinsa da 'yar inbatarsa. Ƙarfe huɗu tsohon ya kashe soket, ƙugi bai tsaya ba. Inna A'i ta ce ya daɗe a tsaye a ɗakin, hannuwansa a baya. Washegari ya gano maɓallin da ke goshin akwatin tsakiya, ya danna ya riƙe har akwatin ya mutu.

Wannan ta ci wa Mansir wata biyu. Sai da ya koya wa akwatunan uku sauraron numfashin juna, ta yadda in ɗaya ya mutu, 'yan hayar da ke cikinsa za su tashi a cikin sauran biyun ba tare da kowa ya taɓa su ba. Ranar da abin ya fara aiki bai gaya wa kowa ba. Ya zauna a bakin gado yana kallon allon tsohuwar laftof ɗinsa, ya ci tuwonsa da sanyi.

Sai tsohon ya koma rufewa. Wata ranar Talata a tsakiyar zafin bazara ya lulluɓe akwatin gefe da bargo yana kunne, faifan ajiyar da ke ciki ya ƙone. Mansir ya sake tsarin ajiyar kaf, duk abin da aka rubuta a akwati ɗaya sai an rubuta shi a wani.

Ba su taɓa yin maganar ba. Da safe ya gaishe shi, tsohon ya amsa. Da yamma ya buɗe laftof ya karanta abin da injinan suka rubuta da kansu: huɗu da minti goma sha ɗaya, akwati na biyu ya mutu, huɗu da minti goma sha uku, komai ya dawo. A nan yake ganin zuwan Baba. Wani lokacin har jira yake ya ga me tsohon zai ƙirƙiro.

Mutum ɗaya ce a layin ta san abin da ke kan bencin nan. Anti Patricia, 'yar Bogoro, tana haya a gidan da ke kallon nasu, ita ke kula da kwamfutocin wata makarantar kuɗi a hanyar Inkil. Injiniya take ce masa, da wasa da gaske. Duk gyaran da za ta yi wa shafin sakamakon ɗalibai, sai ta fara gwada shi a injinan Mansir da sunayen ƙarya, in ya fashe ya fashe a nan. Ita ta ba shi wani ƙaramin akwati mai baki takwas da ake ce wa suwic, wanda wayoyin netwok ke haɗuwa a cikinsa. Ya rataye shi a ƙusa a bayan benci, ya sa masa ɗan batirinsa, ya manta da shi. Ba ya ƙara, ba ya zafi, sai 'yan fitilu kore da ke ƙyaftawa.

Ta taɓa kai sunansa wurin mai makarantar ko za a ɗauke shi mataimaki. Mutumin ya tambayi takardar difloma. Maganar ta mutu a nan, labarin kuma ya iso gida.

Ruwan farko ya sauka ranar Laraba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Malam Hammajoda yana zaune a tabarma a tsakar gida, ya gaya wa Inna A'i, Mansir yana tsugune a gefe, cewa ƙaninsa na Miri yana neman hannu a gona, gobe Asabar zai zo ya tafi da yaron nan har kaka. Tarkacen ɗakin kuwa ya riga ya yi magana da mai jari-bola.

Miri ba nisa. Amma gidan Baffa ba a ja masa wuta ba, kuma Baffa ba ya sakin mutum daga asuba sai rana ta faɗi. Mansir ya san ba gonar ce manufa ba. Bencin ne.

"Baba, ina da magana."

Tsohon bai ce faɗi ba, bai kuma ce bari ba.

"Gobe kafin a ɗauka, ka cire abu ɗaya. Duk wanda ka ga dama, amma ɗaya. In aikin ya tsaya, in bi Baffa, a kwashe ƙarfen. In bai tsaya ba, a bar min su."

Inna A'i ta daina tsince shinkafar da ke gabanta.

"Caca za a yi da ni ke nan," in ji tsohon, yana kallon katanga.

"Gwaji ne, Baba. Aikin ke nan."

Malam Hammajoda mutum ne da ya yi rayuwarsa ana zuwa duba masa sito ba sanarwa, kuma ba a taɓa samunsa da giɓi ba. Kalmar gwaji tana da daraja a wurinsa. Ya tambaya wa zai shaida, tunda shi bai san tsayawar abin da tafiyarsa ba. Mansir ya ce Anti Patricia. Tsohon ya ce yarinyar ba ta ƙarya, ya yarda.

Da sassafe ranar Asabar Mansir ya bi komai da hannunsa. Ya kashe soket. Ya kashe akwati na ɗaya, ya jira, ya tayar. Na biyu, na uku. Ya zare faifai yana cikin aiki. Ya cire batir. Duk abin da Baba ya taɓa yi cikin wata tara, ya maimaita shi, kuma kowane karo shafin gwajin Anti Patricia yana dawowa kafin a ƙirga ɗari. Ya yi kwafin Asabar kamar kullum. Da zai mayar da safar cikin gwangwani sai ya fasa, ya sa ta a aljihun wando. Bai tsaya tambayar kansa dalili ba.

Da hantsi Baffa ya iso a babur, takalmansa duk laka. Mai jari-bola ya riga shi, yana zaune a gindin dogon yaro a ƙofar gida da baronsa da sikeli. Anti Patricia ta shigo da laftof ɗinta ta zauna a kujera 'yar tsugunno kusa da Inna A'i, ta buɗe shafin sakamakon nan mai sunayen ƙarya. Baffa ya leƙa ya tambaya ko a ciki za a ga yawan buhun da zai samu bana. Ta ce in ya ba ta buhu ɗaya za ta rubuta masa ɗari.

Aka yi sharaɗi: bayan an cire abin, za a jira minti biyar. In shafin ya buɗe, Mansir ya ci.

"Baba, ka cire babban," in ji Patricia. "Kar ka ji tausayin shi."

Malam Hammajoda ya sa tabarau. Bai taɓa shiga ɗakin da tabarau ba. Mansir yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran ya ga hannun ya nufi soket ko maɓalli, amma hannuwan suna baya. Tsohon ya tsaya a gaban bencin kamar yadda yake tsayawa in za a miƙa masa sito daga hannun wani.

Ya nuna akwatin farko da haɓa. Ya tambaya ina ɗan'uwansa. Mansir ya nuna sauran biyun. Ya nuna batir, aka nuna masa 'yan'uwansa. Ya sa aka buɗe murfin akwati, ya ga faifai, ya tambaya, aka ce duk abin da ke cikinsa yana cikin wancan ma. Ya gyaɗa kai. Bai yi sauri ba. A sito, ya ce, yana magana da bango, ba abin da ya fi girma ake fara dubawa ba. Abin da in ya lalace babu na canji ake nema.

Sai ya sunkuya, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ɗora yatsa a kan shuɗiyar waya ɗaya ya bi ta. Ta zagaya bayan benci ta hau bango. Ya dawo ya bi ta biyu. Ta uku. Dukkansu wuri ɗaya suka kai shi.

"Wannan fa?"

Mansir ya dubi inda yatsan ya tsaya.

"Suwic ne."

"Ina ɗan'uwansa?"

Fitilun kore suna ta ƙyaftawa. Wata tara yana gini, kuma duk ginin a kan hannun Baba ya yi shi. Baba yana kashe abin da ke ƙugi, yana rufe abin da ke zafi. Wannan ba ya ƙugi, ba ya zafi, don haka Baba bai taɓa kallonsa ba, shi ma bai taɓa ba. Ko da safen nan ya tsallake shi sau nawa.

Zai iya cewa wannan ba ya cikin lissafi. Zai iya cewa ba a taɓa shi, yana da haɗari. Tsohon ba zai gane ba.

"Ba shi da shi," in ji Mansir.

Malam Hammajoda ya kama siririyar wayar wutar akwatin da yatsu biyu ya zare. Fitilun suka mutu.

Akwatunan uku ba su daina ƙugi ba. Amma Mansir ya san abin da ke faruwa a cikinsu. Kowanne ya daina jin sauran, kowanne ya ɗauka shi kaɗai ya rage, kuma shi da kansa ya koya musu cewa wanda ya samu kansa shi kaɗai ya tsayar da komai, kada ya ɓata ajiya. Suna bin umarninsa ne.

Daga tsakar gida ba a ji komai ba sai danna maɓalli. Baffa yana riƙe da waya yana duba lokaci. Minti biyu. Huɗu. Patricia ta ce a dakata, wataƙila laftof ɗinta ce, bari ta kashe ta kunna.

"Bari, Anti," in ji Mansir. "Ya tsaya."

Ta taso ta zo bakin ƙofa. Ta ce wa tsohon wannan ɗan akwatin ana samunsa a Wunti kamar albasa, gobe ma za ta kawo wani, kuma abin da yaron nan ya haɗa, masu digiri a wurin aikinta ba su iya ba. Ta ce in ma dole sai an fitar da su, a kai ɗakinta ta ajiye. Baffa ma ya sa baki, ya ce Yaya, ai gonar ba gudu za ta yi ba. Tsohon ya ce ya ba mutumin da ke waje magana tun Laraba, kuma sharaɗin ba shi ya kawo shi ba.

"Kada a roƙa min," in ji Mansir.

Ya kashe akwatunan da kansa, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kamata a kashe su. Ɗakin ya yi shirun da bai yi ba cikin wata tara. Ya naɗe wayoyin. Ya ɗauki akwatin farko a ƙirji ya fita da shi, ya ƙi yarda kowa ya kama masa. Mai jari-bola yana ratayawa a sikeli yana jefawa a baro, batiran ne ma suka fi faranta masa rai. Inna A'i ta shige ɗaki ta haɗa masa kaya a jaka, ba ta fito ba sai da ta wanke fuska.

Da bencin ya zama fayau, Mansir ya rataya jakarsa da laftof a ciki ya zo ya tsuguna yin sallama a ƙofar gida. Malam Hammajoda yana kallon baron.

"An ce sha ɗaya ne," ya ce. "Uku na ga an ɗora."

Mansir ya sa hannu a aljihu ya fito da safar. Ya zare faifan ya ɗora a tafin hannu.

"Ga su nan, duka. Ƙarfe aka ce a kwashe, an kwashe."

Patricia ta rufe baki da hannu. Baffa ya dubi yayansa. Tsohon yana iya cewa a miƙo, kuma kowa a wurin ya san in ya faɗa sai an miƙa. Mansir bai janye hannun ba, bai kuma sunkuyar da kai ba.

"Bayan kaka zan dawo, Baba. Zan sake ginawa a ɗakin nan. Ƙarfe huɗu ka shigo."

Malam Hammajoda ya daɗe yana duban abin ta saman tabarau. Sai ya taka zuwa baron, ya ɗaga wani murfi, ya tono ƙaramin akwatin nan mai baki takwas da wayarsa. Mai jari-bola ya fara magana, tsohon ya ce wannan ba shi da nauyin da za a yi gardama a kai. Bai ba Mansir ba. Sai ya miƙa wa Baffa.

"In an dawo," ya ce, yana kallon titi, "a nemo masa ɗan'uwa."

Ya juya ya shige gida.

Babur ya fita daga layin yana kauce wa kwatami. Hadari yana haɗuwa ta gabas. Mansir yana baya, jaka a cinya, yana zana wayoyi a cikin kansa: suwic biyu, kowane akwati da waya biyu, ɗaya nan ɗaya can. Daga nan ya shiga bin sauran abubuwan da yatsa, irin bin da ya ga an yi ɗazu, yana tambayar kowanne. Har ya iso kan aljihunsa. Faifan ma ba shi da ɗan'uwa.

Ya dafe wurin da tafin hannu. A shagon da yake aiki akwai kwamfuta, akwai kuma wani tsohon faifai a cikin durowa da ba mai amfani da shi.

"Baffa, mu biya ta Wunti."

Baffa ya ce ba hanyarsu ba ce, ga ruwa yana tahowa, ga iri yana jira.

"Mu biya," in ji Mansir.